Aspen: Yadda Gida Ɗaya Ya Kai Dala Miliyan 108 A Garin Mutum 7,000

A watan Afrilun 2024 aka sallama wani gida da ke gefen tsaunin Red Mountain, wanda ke kallon garin Aspen a jihar Kolorado ta Amurka, a kan dala miliyan 108. Kafin ranar ba a taɓa sayar da gidan zama a kan irin wannan kuɗi ba a duk faɗin jihar. Attajirai biyu ne suka haɗa kuɗi suka saya: Steve Wynn, wanda ya yi suna da gidajen caca a Las Vegas, da Thomas Peterffy, mai kamfanin dillancin hannayen jari na Interactive Brokers. Wanda ya sayar kuwa, Patrick Dovigi, ɗan Kanada mai kamfanin kwashe shara, a 2021 ya sayi gidan a kan dala miliyan 72.5. Cikin ƙasa da shekara uku ke nan aka samu tazarar dala miliyan 35.5 a kan gida guda.

To wane irin gari ne wannan? A ƙidayar 2020 mazaunansa ba su wuce 7,000 da 'yan kai ba. Gundumar Pitkin da yake cikinta gaba ɗayanta mutum 17,000 ne da ɗoriya. Mutum zai iya ratsa tsakiyar garin a ƙafa cikin minti ashirin. Babu masana'anta, babu rijiyar mai, babu tashar jirgin ruwa. Amma a shekarun nan matsakaicin kuɗin gida mai zaman kansa a garin ya haura dala miliyan 10, alhali a sauran Amurka dala 400,000 da wani abu ne. Ruwa dai ba ya tsami banza, kuma dalilan da suka haifar da wannan tsada sun cancanci a bi su ɗaya bayan ɗaya, domin wasunsu tsauni ne ya kawo su, wasu kuma mutanen garin ne suka zaɓa da ƙuri'unsu.

Garin ya taɓa zama kufai. A 1879 masu neman ma'adinai suka fara sauka a wannan kwari, ƙasar ƙabilar Ute ce a lokacin, kuma ba a daɗe ba aka kore su daga cikinta. Azurfa ce ta tara jama'a, har a farkon shekarun 1890 mazauna suka kai wajen 12,000. Gwamnatin Amurka na sayen azurfa mai yawa duk wata a ƙarƙashin dokar Sherman ta 1890. Da aka soke dokar a 1893, farashi ya faɗi warwas, aka rufe ramukan haƙa, jama'a suka watse. A ƙidayar 1930 mutum 705 suka rage. Gidaje na nan a tsaye babu mai so. Sai bayan yaƙin duniya na biyu wani attajirin Shikago, Walter Paepcke, da matarsa Elizabeth suka shiga sayen gidaje da filaye a arha, aka kafa kamfanin wasan zamiya a kan ƙanƙara a 1946, aka fara taron kaɗe-kaɗe da na masana a 1949. Daga nan garin ya sami sabuwar sana'a: sayar da hutu ga masu hali.

Na kawo wannan tarihin ne saboda wasu daga cikin ƙananan gidajen katako da leburorin haƙar azurfa suka kwana a ciki, su ne yau ake sayarwa a kan miliyoyin daloli. Katakon bai ƙara kyau ba. Ƙasar da ke ƙarƙashinsa ake saye, da kuma izinin yin gini a kanta.

Mu fara da ƙasar. Aspen na zaune ne a ƙarshen wani siririn kwari, a tsayin kusan mita 2,400 daga teku, tsaunuka sun kewaye shi. Fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar gundumar mallakar gwamnati ce, mafi yawanta gandun daji ne na tarayya wanda ba mai yanka fuloti a cikinsa. Hanya ɗaya ce, babbar hanya mai lamba 82, take ratsa garin, kuma ɓangarenta na gabas da ya hau ta mashigar Independence, mai tsayin sama da mita 3,600, rufe shi ake yi duk lokacin sanyi saboda ƙanƙara. Kusan rabin shekara ƙofa ɗaya garin yake da ita. A wani gari idan gidaje suka yi tsada, sai a buɗe sabuwar unguwa a bayan gari. Aspen ba shi da bayan garin da zai buɗe.

Amma tsauni bai isa ya bayyana komai ba, don akwai garuruwa da dama a cikin tsaunuka da ba su yi wannan tsadar ba. Abin da ya ƙara wa wutar fetur shi ne doka. A farkon shekarun 1970 jama'ar Kolorado sun ƙosa da yadda gine-gine ke cinye musu daji, har a 1972 suka ƙi amincewa a kashe kuɗin jiha a kan gasar Olamfik ta lokacin sanyi ta 1976, wadda an riga an ba Denba, babban birnin jihar, dole aka mayar da ita Ostiriya. A cikin wannan yanayi hukumomin Aspen da na Pitkin suka rage yawan gidajen da za a iya ginawa a kan kowace gona, suka kuma kafa tsarin kaso, wanda ya ƙayyade iyakar sabon ginin da za a amince da shi a shekara. Aka ƙara da dokar kare tsofaffin gine-gine da ta iyakance tsayin bene.

Ni dai ba na ganin laifin waɗanda suka yi waɗannan dokoki. Ba don su ba, da yau kwarin ya cika da dogayen benaye, da filayen kiwon da ake gani a bakin gari sun zama tarihi. Sun so su kare garinsu ne, kuma sun kare shi. Sai dai abin da ba su iya hanawa ba shi ne, duk abin da aka ƙawata sannan aka ƙayyade yawansa, mai kuɗi ne zai ƙare da shi. Kowace doka da ta hana sabon gini ta ƙara wa tsohon gini daraja. Wanda ya riga ya mallaki gida a 1975 ya wayi gari da dukiyar da bai yi wa gumi ba, ɗansa kuma da ya tashi a garin ba zai iya sayen ko ɗakin ajiye mota ba.

Ga yadda abin ke kasancewa a unguwar West End da ke cikin garin. Attajiri ya sayi ƙaramin gidan katako na zamanin azurfa. Doka ta hana shi rushewa, ta kuma hana shi tashi sama yadda yake so. Sai ya kawo injina su ɗaga gidan ɗungurungum, a jingine shi gefe a kan ƙarafuna, a haƙa wawakeken rami a ƙasa, a zuba ɗakunan kwana da ɗakin kallo da na motsa jiki, sannan a dawo da gidan katakon a ɗora a kai, a haɗa masa sabon gini ta baya. Mai wucewa a titi zai ga gidan lebura na 1888 da fentinsa tsaf. Da dare kuwa tagogin da yawa duhu ne, domin mai gidan yana zuwa ne 'yan makonni a ƙarshen Disamba da kuma tsakiyar bazara.

Wannan ya kawo mu ga masu saye. A gari na yau da kullum farashin gida ɗaure yake da albashin mazauna. Malamin makaranta ko ma'aikaciyar jinya za su je banki, banki ya duba abin da suke samu, ya ba su bashin shekara 30 daidai ƙarfinsu, kuma wannan ƙarfin shi ne rufin da farashi ba zai iya fasawa ba. A Aspen igiyar nan ta tsinke tuntuni. Mai saye a Teksas ko Kalifoniya ko New York yake samun kuɗinsa, gidan kuma na uku ne ko na huɗu a wurinsa. Filin jirgin garin bai fi kilomita shida daga tsakiyarsa ba, kuma a lokacin bukukuwa jiragen alfarma na masu zaman kansu jere suke kamar motoci a tasha. Shi ya sa idan kana son ka san inda farashin Aspen ya dosa, kasuwar hannayen jari za ka duba, ba takardar albashin gunduma ba.

An ga haka ƙarara bayan annobar korona. A watan Maris 2020 gwamnan jihar, Jared Polis, ya ba da umarnin rufe wuraren zamiya, kowa ya ɗauka kasuwa ta mutu. Kafin ƙarshen bazara sai ga attajirai na tururuwa daga manyan birane, tunda aiki ya koma ta intanet, ana tayi a kan tayi, wasu ma suna saye ba su taka gidan ba. Sannan kuɗin ruwan bashin gida a Amurka, wanda ya sauka ƙasa da kashi 3 a farkon 2021, ya haura kashi 7 a ƙarshen 2022. A sauran ƙasar wannan ya sanyaya gwiwar masu saye. A Aspen yawan cinikin ya ragu, amma farashi bai sauko ba, domin mafi yawan manyan cinikin kuɗi hannu ake yin su. Wanda bai ci bashi ba, me ya haɗa shi da kuɗin ruwa? Mai sayarwa ma haka: ba yunwa ce ta koro shi ba, in tayi bai yi masa ba sai ya ce albarka, ya rufe gidansa ya jira baɗi.

Kada a ɗauka farashin ba ya faɗuwa. Yarima Bandar bin Sultan, wanda ya yi jakadan Saudiyya a Amurka daga 1983 zuwa 2005, ya gina wani katafaren gida da ake kira Hala Ranch a unguwar Starwood, kusa da garin. Faɗin ginin ya kai wajen murabba'in mita 5,200, ya ɗan ɗara Fadar White House. A 2006 ya sa shi a kasuwa a kan dala miliyan 135. Bai sami mai saye ba, rikicin tattalin arziƙi na 2008 ya zo ya wuce, sai a 2012 aka sallama wa John Paulson a kan dala miliyan 49. Paulson ɗin nan shi ne wanda ya tara biliyoyi a 2007 saboda ya hango durƙushewar kasuwar bashin gidaje a Amurka tun kafin ta auku. Abin da wannan ciniki ya nuna shi ne kasuwar ƙololuwa siririya ce ƙwarai. Masu iya sayen irin wannan gida a duniya ba su da yawa, in suka ja baya lokaci guda babu mai maye gurbinsu. Kuma tunda cinikin ba shi da yawa, gida ɗaya da aka sayar da tsada sai ya zama ma'auni ga duk unguwa: dillalai su ɗauke shi su kafa hujja da shi, masu kimanta gidaje su rubuta shi a takardunsu.

Nan ne abin ke taɓa tsofaffin mazauna. A Kolorado duk shekara biyu ake sake kimanta darajar gidaje don karɓar haraji, kuma da cinikin maƙwabta ake auna naka. Kimantawar 2023 ta ɗauko farashin tsakiyar 2022, lokacin da kasuwa ke kan ganiyarta, sai takardu suka iso wa mutane da lambobin da suka tayar musu da hankali. Ka ɗauki dattijuwar da ta sayi gidanta shekara 50 da suka wuce da kuɗin koyarwa. A takarda miloniya ce, a aljihu 'yar fansho ce. In ta sayar za ta sami kuɗin da ba ta taɓa mafarki ba, amma ba za ta sake zama 'yar garin ba, gidan kuma zai shiga jerin masu duhu da dare.

Wani abin da mutane ba su cika lura da shi ba: gidan da babu kowa a ciki ya fi gidan da ke da mutane buƙatar ma'aikata. Sai an sami mai gadi, mai shara, mai kula da lambu, mai kwashe ƙanƙara, mai duba famfo kada sanyi ya fasa shi, mai gyaran na'urar da ke ɗumama hanyar shiga mota don ƙanƙara ta narke. Ga magina da kafintoci da masu fenti, tunda kusan kowane sabon mai gida sai ya sake fasali. Kowane katafaren gida aikin yi yake haifarwa, amma ba ya haifar da wurin kwana. To ina ma'aikatan ke kwana?

Ƙasan kwari. Garuruwan Basalt, El Jebel, Carbondale, sai Glenwood Springs mai nisan kusan kilomita 65, sai Rifle da ke wajen kilomita 110, wasu ma har gaba. Da yawansu 'yan asalin Meksiko ne da Amurka ta Tsakiya. Tun kafin asuba motocin bas na hukumar sufurin kwarin, wadda ake kira RFTA, suke cika da masu gyaran ɗakin otal da masu wanke kwanuka, da jakunkunan abincinsu a cinya, suna gyangyaɗi. A bayansu akwai jerin motocin a-kori-kura ɗauke da tsani da buhunan siminti. Duk wannan ayari sai ya zo ya matse a gadar Castle Creek da ke bakin gari, mai layi biyu kacal, wadda aka shafe gomman shekaru ana gardamar yadda za a yi da ita. Da yamma a sake bin hanyar a koma. Mutum ya yi awa uku ko huɗu a hanya kullum, a kan titi mai santsi, ya iske 'ya'yansa sun yi barci. Tsadar kuma bin su take yi: wanda Aspen ya kora ya koma Basalt, na Basalt ya koma Carbondale, na Carbondale ya gangara Rifle ya ɗaga wa mutanen can kuɗin haya.

A nan dole a yaba wa garin, domin bai naɗe hannu ba, kuma da wuri ya farga. Tun shekarun 1970 aka fara tilasta wa masu manyan gine-gine su samar wa ma'aikata masauki, daga baya aka kafa hukumar gidaje ta haɗin gwiwar gari da gunduma, APCHA. Yau tana kula da gidaje wajen 3,000, na haya da na saye. Ga ƙaramin gari irin wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma shi ya sa har yanzu akwai yara a makarantun Aspen da masu kashe gobara da ke kwana a cikin gari.

Yadda tsarin yake shi ne, a jikin takardar mallakar gidan ake rubuta sharuɗɗa. Sai wanda ke aiki a gundumar aƙalla awa 1,500 a shekara, kuma gidan ne zai zama mazauninsa na ainihi, aƙalla wata tara a shekara. An kasa gidajen rukuni-rukuni gwargwadon abin da mutum ke samu. Idan gida ya fito, ƙuri'ar gwada sa'a ake yi tsakanin masu nema, kuma yawan shekarun da ka yi kana aiki a gundumar yana ƙara maka dama. Babban sharaɗin shi ne na farashi: a yawancin takardun, darajar gidan ba za ta ƙaru da fiye da kashi 3 a shekara ba, ko gwargwadon hauhawar farashin kaya, duk wanda ya fi ƙanƙanta. A misali, wanda ya saya a kan dala 300,000, iyakar abin da zai ƙaru masa a shekara dala 9,000 ne, bayan shekara 10 ba zai sayar fiye da dala 390,000 ba. A tsallaken titi kuwa gida mai irin girman nasa yana iya ninkawa biyu a cikin wannan lokaci. Kasuwa biyu ke nan a gari ɗaya, katanga kawai ta raba su.

Kuɗin tafiyar da wannan tsari kuma daga ɗaya kasuwar yake fitowa. Duk wanda ya sayi gida a cikin iyakar garin zai biya harajin kashi 1 cikin 100 don asusun gidajen ma'aikata, ban da dala 100,000 ta farko, da kuma rabin kashi 1 da aka ware tun 1979 don tsohon gidan wasan Wheeler, wanda aka gina a 1889. Gidan dala miliyan 20 ke nan zai zuba dala 199,000 a asusun gidaje. Aspen ya yi sa'a ya kafa harajin da wuri, domin a 1992 masu zaɓe a Kolorado suka yi wa tsarin mulkin jihar gyaran da ya haramta ƙirƙiro sabon haraji irin wannan, garuruwan da suka makara sun rasa. Sai dai harajin bai kai ga manyan gidajen da ke wajen iyakar gari ba, irin su na Starwood. Kuma akwai abin da ke damuna a cikinsa: asusun ya fi cika a shekarar da farashi ya fi haukacewa, wato shekarar da fili da kuɗin gini suka fi tsada, da kuma ma'aikata suka fi yawa. Maganin daga jikin cutar ake tatso shi, shi ya sa kullum yana bayanta.

A watan Disamban 2021 majalisar garin ta yi zaman gaggawa ta dakatar da ba da izinin sabbin gine-ginen zama da na ba da hayar gida ga baƙi na 'yan kwanaki irin na Airbnb. Da aka ɗage dakatarwar a 2022, aka ƙayyade cewa gidaje shida kawai za a bari a rushe a shekara, masu zaɓe kuma suka amince da ƙarin haraji a kan hayar 'yan kwanaki. Niyyar mai kyau ce, a rage ƙura da manyan motoci da buƙatar leburori. Amma izinin rushewa da ya zama shida a shekara shi kansa ya zama kadara, gidan da aka riga aka sabunta kuma ya ƙara tsada.

Tsarin gidajen ma'aikatan ma yana da nasa ciwon. Wanda ya san gidansa ba zai ƙara daraja ba, ba ya ɗokin kashe kuɗi a kan rufi da bututun ruwa, don haka wasu rukunan gidajen da aka gina a shekarun 1980 sun tsufa babu isasshen kuɗin gyara a ajiye. Wanda ya zauna a ciki shekara 30 ya sami kwanciyar hankali, amma bai tara abin da zai sayi gida a wani wuri ba ko ya bar wa 'ya'ya. Doka kuma ta yarda wanda ya yi ritaya ya ci gaba da zama, kuma daidai ne, don ba a korar mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana yi wa gari hidima. To amma waɗanda suka shigo a shekarun 1970 da 1980 yanzu suke yin ritaya da yawansu, kowane ɗaya ya bar gurbin aiki amma bai bar ɗaki ba. Wanda aka ɗauka a madadinsa sai ya shiga layin ƙuri'a, inda gida ɗaya kan sami masu nema da dama.

Garin ya sayi wani tsohon filin sayar da katako daura da filin jirgi, domin gina gidaje kusan 300, aikin da zai ci ɗaruruwan miliyoyin daloli kuma ya ɗauki shekaru. Yana cikin manyan filayen ƙarshe da suka rage a kusa da gari. Sabuwar malamar da aka ɗauka a bana don ta maye gurbin wadda ta yi ritaya, kafin a kammala ginin, daga Rifle ko Glenwood za ta riƙa kamo bas ɗin asuba.